Shin mamaya da bautar da mutane halin ɗan'adam ne da ba ya sauyawa?

Mai tambaya ya ce ya sha jin ana cewa babu wata al'umma a doron ƙasa da ba ta taɓa cin wata da yaƙi ko ta bautar da mutane ba, don haka yana son ya san ko maganar gaskiya ce, kuma idan gaskiya ce, ko hakan na nufin zalunci irin wannan jinin ɗan'adam ne, ta yadda babu dalilin ɗora wa wasu laifi a ƙyale wasu. Malam, a matsayina na wanda ya daɗe yana koyar da tarihi, zan ce maka rabin farko na maganar ya yi kusa da gaskiya ƙwarai, amma abin da ake so a gina a kansa bai tsayu ba, kuma sai an bi abin daki-daki kafin a ga inda gizo ke saƙar.

Tun daga lokacin da mutum ya fara rubutu, bawa yana cikin abin da ya rubuta. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse wajen shekara ta 1750 kafin Miladiyya, suna maganar bawa kamar yadda ake maganar abin da kowa ya saba da shi. A cikinsu an ce wanda ya ɓoye bawan da ya gudu kisa ne hukuncinsa, wanda ya kamo shi ya mayar wa ubangijinsa za a ba shi shekel 2 na azurfa, bawan da ya dubi ubangijinsa ya ce masa ba shi ne ubangijinsa ba kuwa a yanke masa kunne. Mutumin da bashi ya ci shi har ya ba da matarsa ko ɗansa, za su yi bauta shekara 3, a ta huɗu a sake su. Wani abin lura shi ne, shi kansa dutsen ba a Babila aka same shi ba. A birnin Susa da ke ƙasar Iran ta yau aka tono shi a farkon ƙarni na 20, domin wani sarkin Elam ya kwashe shi a matsayin ganima ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar Hammurabi, yau kuma yana ajiye a gidan tarihi na birnin Paris.

Idan aka ɗaga kai aka dubi sauran duniya, da wuya a sami nahiyar da ta kuɓuta. Assuriyawa sun riƙa kwashe al'umma sukutum daga ƙasarta su zube ta a wata ƙasa, kamar yadda suka yi wa mutanen Samariya wajen 722 kafin Miladiyya. A Ingila, ƙidayar da aka yi a 1086 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin goma bawa ne. A Koriya akwai lokutan da bayin gado suka kai kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a, kuma sai a 1894 aka soke tsarin. Tatar na Kirimiya sun shafe ƙarnoni suna kai hari ƙasashen Rasha da Yukren da Polan suna sayar da kamammu a kasuwar Kaffa, 'yan fashin teku daga Aljeriya kuwa sun kwashe mutane fiye da 100 daga wani ƙauye na Ayalan a dare ɗaya a 1631. Aztek da Inka na nahiyar Amurka sun mallake maƙwabtansu tun kafin Turawa su san da zamansu, sannan a 1835 wasu mayaƙan Mawori daga Niyuzilan suka sauka a tsibiran Catam suka karkashe mutanen Moriyori suka bautar da ragowar, alhali su Moriyori al'umma ce da ta haramta wa kanta yaƙi. Duk wanda ya ce wani launin fata ko wani addini ne ya ƙago bauta, tarihi ba ya bayansa.

Sai dai maimaituwar abu ba ta isa hujjar cewa a jini yake ba. Abin da ke maimaituwa shi ne yanayin da ke haifar da shi, kuma ana iya gane wannan yanayi. A ce an yi yaƙi an kama mutum. Abin yi da shi uku ne: a kashe shi, a sake shi da fansa ko ba fansa, ko a riƙe shi. Al'ummar da ke yawon farauta da tsintar 'ya'yan itace ba ta da ribar riƙe shi, domin abin da zai samo a yini da ƙyar zai ciyar da shi, ga shi kuma babu inda za a tsare shi, daji a buɗe yake. Da zarar an sami rumbu, wato aka kai matsayin da aikin mutum ɗaya ke samar da fiye da abin da cikinsa ke buƙata, sai kamamme ya zama dukiya. Shi ya sa ake ganin bauta ta yi ƙarfi inda noma ya kafu, kuma shi ya sa aka same ta a wurin mutanen Tilingit da Haida na gaɓar arewa maso yammacin Amurka, waɗanda ba manoma ba ne amma suna da kifi mai yawan da ake busarwa a adana. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Nieboer ya lura tun a 1900, daga baya masanin tattalin arziki Domar ya faɗaɗa maganar a 1970, cewa inda ƙasa ta yi yawa mutane suka yi kaɗan, babu mai yarda ya yi wa wani ƙodago da arha tunda zai iya sarar gonarsa, don haka mai son a yi masa aiki sai ya ɗaure mutum da ƙarfi. Wannan bayani ya dace da gonakin rake na Amurka, ya dace da manoman Rasha da aka ɗaure a gonakin iyayengijinsu har zuwa 1861, ko da yake bai bayyana bautar cikin gida ba, wadda mata da yara suka fi yawa a cikinta, kuma a yawancin tarihi ita ce ta fi yaɗuwa.

Rumawa ne suka fi nuna yadda yaƙi da bauta ke ciyar da juna. A shekara ta 167 kafin Miladiyya, janar ɗinsu Aemilius Paullus ya washe garuruwa 70 a yankin Epirus na ƙasar Girka, aka sayar da mutum 150,000. Irin waɗannan kamammu su ne ke noma manyan gandayen attajirai a Italiya, ƙananan manoman da gandayen suka kora kuwa su ne ke komawa soja su je su kamo wasu. Riƙe mutane masu yawa haka sai da tsoro. A shekara ta 61 Miladiyya wani bawa ya kashe ubangijinsa Pedanius Secundus, wanda shi ne hakimin birnin Rum, kuma tsohuwar doka ta ce duk bayin da ke ƙarƙashin rufin gidan a kashe su, su kusan 400, har da mata da yara. Talakawan birni suka taru da duwatsu da wuta a hannu suna neman hana abin, a majalisar dattawa ma wasu suka nuna tausayi, amma wani dattijo ya miƙe ya ce taron baƙi irin wannan ba abin da ke riƙe su sai firgici. Sarki Nero ya jera sojoji a kan hanya aka wuce da su aka kashe. Na kan tsaya a kan wannan labari a aji saboda abu biyu da ke cikinsa: ga dokar da ta halatta rashin imani, ga kuma talakawan da, a tsakiyar daular da ta ginu a kan bayi, zuciyarsu ta ƙi yarda.

Ita kuwa mamaya, da wuya ƙarfin makami kaɗai ya kawo ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sifaniyawan da suka ci Tenocititilan, babban birnin Aztek, a 1521 'yan ɗaruruwa ne, amma tare da su akwai dubun dubatar mayaƙan Tilaskala da sauran garuruwan da suka gaji da harajin Aztek, ga kuma cutar agana da ta riga ta yi wa birnin ɓarna. Pizarro, wani jagoran Sifaniyawa, ya kama sarkin Inka a 1532 da mutum ƙasa da 200 ne a daidai lokacin da 'ya'yan sarki biyu suka gama yaƙin basasa a kan gadon sarauta. Akwai dai lokutan da tazarar makami ta yi faɗin da babu jarumtar da za ta cike ta, kamar a Omdurman ta Sudan a 1898, inda bindigogi masu sarrafa kansu suka kashe mayaƙan Mahadi wajen 10,000 a rabin yini, ɓangaren Ingila da Masar kuwa bai rasa mutum 50 ba. Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, ya lura da wani abin kuma: mutanen ƙauye masu haɗin kai su ci birni, jikokinsu su saba da daula da hutu, haɗin kan ya narke, sai wasu sababbi su zo su ci su. Ya ƙiyasta wa daula tsawon zuriya uku. Lissafinsa bai dace da kowace daula ba, amma juyin da ya gani gaskiya ne. Nineba, babban birnin Assuriyawa, da ta firgita duniya ta zama toka a 612 kafin Miladiyya, Bagadaza ta faɗa hannun Mongol a 1258, waɗanda suka tsayar da Mongol ɗin a Ain Jalut a 1260 kuwa Mamluk ne, wato bayin da aka sayo suna yara aka horar da su soja har suka zama sarakunan Masar.

A nawa nazarin, abin da ya fi komai bayyana tarihin bauta shi ne iyakar da kowace al'umma ke shatawa tsakanin wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba. Kusan babu al'ummar da ta yarda a bautar da kowa da kowa. Solon, mai tsara dokokin birnin Atina na Girka, ya hana bautar da ɗan Atina saboda bashi wajen 594 kafin Miladiyya, abin da ya biyo baya kuwa shi ne Atinawa suka ƙara dogara ga bayin da ake sayowa daga waje, waɗanda dubbansu suka ƙare a ramukan haƙar azurfa na Lauriyon. Aristotle ya zo ya ce wasu mutane bayi ne tun daga halitta, kuma ba abin mamaki ba ne da ya ga alamun hakan a jikin waɗanda ba Girkawa ba. Da Kiristanci da Musulunci suka yaɗu, sai iyakar ta koma ta addini: ba a bautar da ɗan'uwa a imani, don haka fatake suka nufi bakin iyaka inda waɗanda ba su shiga addinin ba suke. Yawan mutanen Slav na gabashin Turai da aka sayar a wancan zamani shi ya sa sunansu ya zama kalmar bawa a harsunan Turai da dama. Wannan iyaka ma ba a cika kiyaye ta ba. Malam Ahmad Baba na Tumbutu, wanda shi kansa sojojin Maroko suka tafi da shi Marrakesh a ɗaure bayan sun rushe daular Songhai a 1591, ya amsa wata fatawa wajen 1615 inda ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya yi watsi da tatsuniyar la'anar Ham ɗan Annabi Nuhu, wadda ake kafa hujja da ita wajen bautar da baƙar fata, ya kuma lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne da bai halatta a sayar da su ba. Buƙatar rubuta irin wannan amsa ta nuna ana sayar da su ɗin. Kuma a lura, fatawar ta kare waɗanda ke cikin da'ira ne, ta bar na waje a inda suke.

Nan ne maganar cewa kowa ya yi, don haka duk ɗaya ne, ta gaza. Sunan ɗaya ne amma abin ya bambanta nesa ba kusa ba. A cikin daular Abbasiyawa kaɗai akwai bawan da ya zama kwamandan runduna yana naɗa halifa yana tuɓewa, akwai kuma Zanj, bayin da aka kawo daga gabashin Afirka, da ke kankare gishiri a fadamun Basara cikin wahalar da ta sa suka yi tawaye daga 869 zuwa 883. A wasu wurare bawa na iya yin aikin kansa ya tara abin fansar kansa, ɗan da kwarkwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne mai gado, zuriyar bayi kuma kan narke cikin jama'a bayan 'yan zuriyoyi, ko da yake tabon asali kan daɗe ana goranta shi. Ba ina wanke wannan ba ne, domin yarinyar da aka fizge daga hannun uwarta aka tsallaka Sahara da ita a ƙasa ba ta ji sauƙi ba don an ce wata rana jikanta zai zama ɗa.

Cinikin bayi na Tekun Atlantika ya zo da abubuwan da ba a taɓa haɗa su wuri ɗaya ba. An loda mutum wajen miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa cikin kimanin shekara 350, waɗanda suka sauka da rai wajen miliyan 10 da dubu 700, kuma Brazil kaɗai ta karɓi kusan kashi 40 cikin 100. An gina shi a kan hannun jari da inshora da littafin lissafi. A 1781 ma'aikatan jirgin Zong suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da ransu, shari'ar da ta biyo baya a Landan kuwa ba ta kisan kai ba ce, ta neman diyyar kaya ce daga kamfanin inshora. Mafi muni shi ne yadda aka mayar da iyakar nan ta koma launin fata, abin da mutum ba zai iya tuba daga gare shi ba, ba zai iya fansar kansa daga gare shi ba. Dokar Virginia, yankin da Ingila ke mulka a Amurka, ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, wato mutum na iya haihuwa da baiwarsa ya sayar da ɗan cikinsa, sannan a 1667 suka ƙara da cewa shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa. Gaskiya ce kuma, wadda ba ta da daɗin faɗa, cewa yawancin waɗanda aka loda a jiragen sarakuna da fataken Afirka ne suka kamo su suka kai gaɓa, cewa Dahomey da Oyo da Asante sun yi ƙarfi da wannan ciniki, kuma bayan Turawa sun daina saye bauta ta ƙaru a cikin nahiyar, a gonakin kanumfari na Zanzibar da rinjojin Daular Sakkwato. Laifin mai saye bai goge na mai sayarwa ba, haka na mai sayarwa bai rage na wanda ya ƙera jirgin ya kafa dokar launin fata ba.

Da a ce mallakar mutum ɗabi'a ce kamar yunwa da barci, da ba a sha wahalar nema mata hujja ba. Babu wanda ya taɓa rubuta littafi don ya halatta jin ƙishirwa, amma kowace daular bayi sai da ta nemo malamai da masana da za su ce wannan la'ananne ne, wancan jahili ne, wancan kuma ana yi masa gata ne. Bayin kansu ba su taɓa yarda ba. Spartacus, bawan da ya jagoranci tawayen bayi, ya riƙe rundunonin Rum shekara biyu kafin a gicciye mutanensa 6,000 a bakin hanya a 71 kafin Miladiyya, a Brazil kuwa gudaddun bayi sun kafa garuruwan Palmares suka riƙe su kusan ƙarni guda. A cikin masu iko ma akan sami wanda abin ya dame shi: sarki Ashoka na Indiya ya sa aka rubuta a jikin duwatsu cewa yaƙinsa na Kalinga ya kashe mutum 100,000 an kuma kwashe 150,000, ya bayyana nadamarsa, ko da yake bai mayar da ƙasar ba.

Abin da ke buƙatar bayani a tarihi, saboda haka, shi ne yadda aka yi abin da ya rayu shekara dubu huɗu a rubuce ya zama haramun a dokar kowace ƙasa cikin shekara 200. Bayin Haiti ne suka fara karya shi da hannunsu daga 1791 zuwa 1804. Birtaniya ta hana cinikin a 1807 ta soke bautar a 1833, Tunisiya a 1846, Amurka a 1865 bayan yaƙin basasa, Brazil a 1888, Saudiyya a 1962, Muritaniya a 1981. Masana na gardama har yau a kan abin da ya fi tasiri, ko wa'azin masu addini, ko tsoron tawaye, ko injin da ya rage darajar ƙarfin damtse, ni kuwa ina ganin babu ɗaya da zai isa shi kaɗai. Yadda aka yi sokewar ma yana da abin dubawa. Birtaniya ta biya diyyar fam miliyan 20, amma iyayengiji aka biya, bayin ba su sami ko sisi ba, Faransa kuma ta tilasta wa Haiti a 1825 ta amince da biyan faran miliyan 150 a matsayin kuɗin 'yancinta. Daga baya yaƙi da bauta ya zama tutar da aka ɗaga aka raba Afirka a taron Balin na 1884 zuwa 1885, kuma da wannan tuta Sarki Leopold na Beljiyam ya mallaki Kwango, inda aka riƙa yanke hannuwan mutane a kan ƙarancin roba. A tsakiyar ƙarni na 20 Jamus ta Hitler ta sa mutum fiye da miliyan 10 aikin tilas a tsakiyar Turai.

Cin ƙasa da yaƙi ma an haramta shi a Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945, kuma tun daga lokacin haɗiye ƙasa sukutum ya yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da ƙarnonin baya. Iraƙi ta gwada a Kuwait a 1990 aka fitar da ita, Rasha ta haɗe Kirimiya a 2014 mafi yawan ƙasashe suka ƙi amincewa. Amma duk inda hukuma ta rushe, aka sami masu makami a gefe guda da marasa kariya a ɗaya gefen, aka kuma sami mai shata iyakar da ta fitar da wasu daga sahun mutane, tsohon abin yakan dawo cikin 'yan watanni, kamar yadda mayaƙan ISIS suka sayar da matan Yazidi bayan harin Sinjar a 2014, da yadda aka ga ana gwanjon baƙin haure a Libiya a 2017. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar tare da abokan aikinta ta nuna cewa a 2021 mutum wajen miliyan 50 ne ke cikin abin da ake kira bautar zamani, miliyan 28 a aikin tilas, miliyan 22 kuma a auren dole.